Sauya Zubin Ƙwaƙwalwar Kwamfuta: Tarihin Wata Shawara da Sawunta a Gaya da Ajingi

Daga cikin shawarwarin da kamfanin ƙera kwamfuta kan yanke a tsawon rayuwarsa, da wuya a sami wadda ta kai sauya zubin ƙwaƙwalwar na'urorinsa nauyi da haɗari, domin ita ce ke iya mayar da dukan abin da masu saye suka tara na manhaja da ƙwarewa abin banza cikin 'yan shekaru. Abin da ake kira ƙwaƙwalwar kwamfuta, wanda masu gyara kan ce wa furosesa, wani ɗan falle ne na silikon da aka zana wa miliyoyi ko biliyoyin 'yan makunnai da ake kira tiransista, kuma shi ne ke gudanar da duk wani lissafi da na'urar ke yi. Zubi kuwa shi ne jerin umarnin da aka gina ƙwaƙwalwar ta gane, kamar umarnin tara lamba biyu, ko ɗauko bayani daga ma'ajiya, ko tsallakawa zuwa wani sashe na aiki, haɗe da yadda ake rubuta kowane umarni da lambobin sifili da ɗaya. Manhajar da aka haɗa domin wani zubi ba ta motsi a kan wani zubin dabam, ko da na biyun ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, sai dai a sake haɗa ta daga tushe ko a sa mata wata manhaja a tsakani mai yi mata tafinta. A jihar Kalifoniya ta Amurka da birnin Kambirij na Ingila aka yanke mafi yawan waɗannan shawarwari, amma sakamakonsu yakan iso ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi, a gabashin Jihar Kano, bayan shekaru da dama, a cikin kwamfutoci na hannu da wayoyi masu araha, kuma wanda ya karanta tarihin daga wannan ƙarshen hanyar zai ga cewa abubuwan da suka fi nauyi a cikinsa sun sha bamban da waɗanda masu sharhi a ƙasashen da ake ƙirar suke zuzutawa.

Ƙasar Gaya ba baƙuwa ba ce ga irin wannan sauyi, domin sana'ar da aka fi danganta ta da ita a tarihi ta taɓa rasa tushenta ta kuma rayu. Labarin da aka gada daga bakin magabata ya nuna cewa Abagayawa, maƙeran da suka fara zama a gindin Dutsen Dala, daga Gaya suka taso suna neman tama, kuma binciken masana kimiyyar tono ya gano alamun narkar da ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na bakwai na Miladiyya. Ɗaruruwan shekaru ƙira ta dogara ne a kan masu haƙar tama da narkar da ita, har zuwa lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turai da tarkacen jirgi da na mota suka fara cika kasuwa, maƙeri ya ga cewa sifirin tsohuwar mota ya fi masa araha da sauƙin samu. Manomi bai damu da asalin ƙarfen ba muddin garma da fartanya sun zauna masa a hannu yadda ya saba, maƙeri ma ya koyi halin sabon ƙarfe ya ci gaba da sana'arsa, amma masu narkar da tama, waɗanda iliminsu kacokan ya rataya a kan tsohon tushe, sun ɓace tare da sana'arsu a cikin ƙarni na ashirin. Rabon riba da asara haka yake a kowane sauyi na tushe, kuma tambayar da ta kamata a riƙa yi game da masu ƙera kwamfuta ita ce wane ne ke tsaye a matsayin mai narkar da tama idan suka sauya zubi.

Zubin da ya mamaye kwamfutocin ofis da makarantu na duniya ya samo asali ne daga ƙwaƙwalwar 8086 da kamfanin Intel ya fitar a 1978, wadda 'yar'uwarta 8088 ta shiga cikin kwamfutar IBM ta farko ta amfanin mutum ɗaya a watan Agustan 1981. Saboda lambobin ƙwaƙwalan da suka biyo baya suna ƙarewa da 86, aka riƙa kiran dangin duka da x86. Masana da yawa ba su taɓa ɗaukar wannan zubi a matsayin mafi kyawun ƙira ba, domin umarninsa na da yawa, tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma warware su na cin tiransista da wuta. Abin da ya ba shi rinjaye shi ne alƙawarin da Intel ya riƙe na cewa manhajar jiya za ta yi aiki a kan ƙwaƙwalwar gobe, sai kuma haɗuwarsa da manhajojin Microsoft, wato DOS da Windows, da kuma damar da kamfanoni irin su Compaq da Dell da HP suka samu ta ƙera kwamfutoci masu jituwa da na IBM. Da masu saye suka yawaita sai masu rubuta manhaja suka karkata can, da manhaja ta yawaita kuma sai masu saye suka ƙaru, har ta kai barin wannan zubi ya zama tamkar barin kasuwar gaba ɗaya.

Kamfanin Apple ne ya fi kowa gogewa da sauya zubi, domin sau uku ya yi hakan a kan kwamfutarsa ta Macintosh, kuma sau ukun ya tsira. Macintosh ta fito a watan Janairun 1984 da ƙwaƙwalwar Motorola 68000, amma da ƙarshen shekarun 1980 ya matso sai ya bayyana cewa wani sabon salon ƙira, wanda ake rage yawan umarni a sauƙaƙa su domin ƙwaƙwalwa ta riƙa gama kowanne da sauri, zai wuce tsohon. A 1991 Apple da IBM da Motorola suka ƙulla ƙawance, suka samar da zubin PowerPC, kuma a watan Maris na 1994 aka fara sayar da Power Macintosh. Dabarar da ta ceci kamfanin ita ce manhajar tafinta da aka dasa a cikin babbar manhajar na'urar, wadda ke karanta umarnin tsohon zubi tana juya shi zuwa sabo a daidai lokacin da ake aiki, ta yadda mai shagon ɗab'i da ya kashe kuɗi a kan tsofaffin manhajojinsa ya ci gaba da amfani da su ba tare da ya san an sauya masa komai a ciki ba.

Sauyi na biyu ya fi jawo ce-ce-ku-ce, kuma shi ne ya fito da dalilin da ya zama jigon wannan tarihi. A 2003 shugaban kamfanin, Steve Jobs, ya yi alƙawarin cewa cikin shekara ɗaya ƙwaƙwalwar G5 da IBM ke ƙera masa za ta kai gudun gigahaz 3, wato bugun agogon ciki sau biliyan uku a daƙiƙa, amma alƙawarin bai cika ba, kuma abin da ya fi wannan muni shi ne G5 tana cin wuta tana zafi ƙwarai, har ba a iya sa ta cikin kwamfutar tafi-da-gidanka ba, alhali kasuwa ta fara karkata ga irin waɗannan kwamfutoci. Ranar 6 ga Yunin 2005 Jobs ya sanar da cewa Apple zai koma ƙwaƙwalan Intel, bayan shekaru ana tallata wa mabiyansa cewa zubin Intel koma-baya ne, kuma hujjar da ya kafa ita ce yawan aikin da ƙwaƙwalwa ke yi a kan kowane wat na wutar da ta ci. Ya kuma bayyana cewa shekara biyar ke nan kamfanin yana haɗa babbar manhajarsa domin zubin Intel a asirce, saboda ranar da buƙata za ta taso. Masu adawa sun yi hasashen cewa mutane za su daina sayen kwamfutocin PowerPC kafin sababbin su iso, cewa masu rubuta manhaja za su gaji su watsar, cewa Macintosh za ta rasa abin da ya bambanta ta da sauran kwamfutoci. Kwamfutocin farko masu ƙwaƙwalwar Intel sun fito a Janairun 2006, aka kammala sauyin a watan Agustan shekarar, tafintar da aka kira Rosetta ta riƙe tsofaffin manhajoji, kuma damar sa Windows a kan Macintosh ta jawo masu saye da a da ba sa kallon kamfanin. Sai dai akwai wani ɓangare na labarin da ba a cika ambata ba: babbar manhajar da ta fito a 2009 ta daina aiki a kan PowerPC, wadda ta fito a 2011 kuma ta jefar da Rosetta, don haka wanda ya sayi kwamfutar G5 mai tsada a ƙarshen 2005 ya ga an rufe mata ƙofa tana da shekara huɗu kacal.

Waɗanda suka gwada sauyi ba tare da shimfiɗa gada mai ƙarfi ba sun sha kashi. Intel da kansa, tare da HP, ya fitar da sabon zubi mai suna Itanium a 2001 da nufin maye gurbin x86, amma tsofaffin manhajoji sun riƙa jan ƙafa a kansa, sai abokin hamayyarsa AMD ya faɗaɗa tsohon zubin a 2003 ta yadda zai ɗauki lambobi masu faɗin bit 64 ba tare da ya yar da manhajar da ake da ita ba, ala tilas Intel ya bi sahu, Itanium kuwa ya yi ta jinya har aka daina sayar da shi a 2021. Microsoft ma ya fitar da kwamfutar Surface RT a 2012 da wani nau'in Windows da ba ya karɓar manhajojin da mutane suka saba da su, kuma a shekara mai zuwa ya rubuta asarar dala miliyan 900 a kan kayan da suka yi kwantai.

A duk tsawon wannan lokaci akwai wani zubi da ke girma a gefe, wanda manyan kamfanoni suka raina. A 1985 wani ƙaramin kamfani na Kambirij mai suna Acorn, wanda ya shahara da ƙera kwamfutocin makarantun Birtaniya, ya samar da ƙwaƙwalwar ARM ta farko, wadda Sophie Wilson da Steve Furber suka jagoranci zana ta. Da yake kamfanin ba shi da kuɗi ko ma'aikata masu yawa, dole ta sa aka yi ƙirar mai sauƙi, sauƙin kuma ya haifar da ƙarancin cin wuta. A 1990 Acorn da Apple da kamfanin VLSI suka kafa kamfanin ARM mai zaman kansa, wanda ya zaɓi wata hanya dabam da ta Intel: ba ya ƙera ƙwaƙwalwa da kansa, zanen yake sayarwa ga duk mai so, yana karɓar ɗan lada a kan kowace da aka ƙera. Wannan tsari ya sa ɗaruruwan kamfanoni suka shiga gasa a kan zubi ɗaya, farashi ya faɗi, kuma tun daga ƙarshen shekarun 1990 wayoyin Nokia da na sauran kamfanoni suka rungumi ARM. Intel ya sayar da sashensa mai ƙera ƙwaƙwalan ARM ga kamfanin Marvell a 2006, shekara ɗaya kafin fitowar iPhone, ya yi ƙoƙarin cusa x86 cikin wayoyi, ya kashe maƙudan kuɗi, sannan ya janye a 2016.

Kwamfuta ta shigo ƙasar Gaya da Ajingi ne ta ƙofofi kaɗan: ofisoshin ƙaramar hukuma, wasu makarantun sakandare, shagunan buga takardu da ɗaukar hoto, sai kuma ɗalibai da malaman Jami'ar Kimiyya da Fasaha da aka buɗe a maƙwabciyar Gaya, wato Wudil, a 2001, wadda a yau ke ɗauke da sunan Aliko Dangote. Kusan duk waɗannan kwamfutoci zubin x86 ne masu Windows, kuma mafi yawansu na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama da su, aka loda su a jirgin ruwa zuwa Legas, suka bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja, suka sauka a shagunan titin Beirut da ke Kano kafin su kama hanyar Wudil zuwa gabas. Mai shagon buga takardu yana zaɓen kwamfutarsa ne bisa abu uku: ta karɓi Word da CorelDraw, waɗanda da su ake tsara katin biki da takardar neman aiki da kalandar ƙungiya, a sami kayan gyaranta a Kano, kuma ta jure zafi da ƙura da wutar janareta. Da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya ta kwamfuta a 2015, buƙatar irin waɗannan na'urori ta ƙaru, domin yaron da ya tashi a ƙauye bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba dole ya nemi inda zai koya kafin ranar jarrabawa. Amma kwamfutar tebur da allonta na cin wuta mai yawa, wutar NEPA kuwa, wadda kamfanin KEDCO ya gaji rarraba ta tun 2013, ba abin dogaro ba ce ko a cikin garin Gaya, balle a ƙauyukan Ajingi, saboda haka kuɗin man janareta ya shiga cikin farashin kowane shafi da aka buga. Ma'aunin aiki a kan kowane wat, wanda ga injiniyan Kalifoniya batu ne na kaurin kwamfuta da ƙarar fankarta, a nan batu ne na ko shago zai ci riba ko zai rufe.

Marubuta Hausa ma sun ɗanɗani irin ɗacin da sauyin tushe ke bari, ko da yake nasu ba a ƙwaƙwalwa ya faru ba. A shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ba ta san haruffa masu lanƙwasa ba, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro salon haruffa irin su Rabi'at, waɗanda suka ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kan madannan wasu alamomi da ba a cika amfani da su ba, kuma da su aka buga littattafai da jaridu da kundayen digiri masu yawa. Da duniya ta koma tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, sai tsofaffin rubuce-rubucen suka riƙa bayyana da baka da wasu alamomi a gurbin haruffan duk inda babu tsohon salon, kuma har yau akwai tarin ayyukan Hausa da ke jiran wanda zai juya su. Sabon tsarin ya fi tsohon ta kowace fuska, amma babu wani kamfani da ya ɗauki nauyin gina wa Hausa gada.

Misalin da ya fi kusa da bukatun yankin karkara shi ne na shirin ba kowane yaro kwamfuta, wanda Nicholas Negroponte na jami'ar MIT ya ƙaddamar a 2005 da burin ƙera kwamfutar dala ɗari. Nijeriya na cikin ƙasashen farko da suka nuna sha'awa a zamanin Shugaba Obasanjo, aka kuma gwada na'urar a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja a 2007, yayin da Intel ke gwada tasa mai suna Classmate a wata makaranta a Jabi. Kwamfutar farko ta shirin, XO-1, ta yi amfani da ƙwaƙwalwar AMD ta zubin x86. Bayan shekaru na gwaji a makarantun da ba su da wuta, masu shirin suka gane cewa caji shi ne babbar matsala, suka koma zubin ARM a samfurin XO-1.75, wanda ya rage cin wuta sosai. Hukuncin daidai ne, amma ya zo a makare, domin babban cinikin da aka sa rai daga Nijeriya bai tabbata ba, kuma kafin sabon samfurin ya bazu wata na'urar ta riga ta kama hanyar shiga kowane gida.

Wannan na'ura ita ce wayar hannu. Tun da aka ba da lasisin GSM a 2001 waya ta fara ratsa karkara, sannan kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai wayoyin Tecno da Itel da Infinix, ya gina kasuwarsa a kan abin da mutumin karkara ke buƙata: gurbin layi biyu, batir mai daɗewa, da farashi mai sauƙi. Ƙwaƙwalan da ke cikin mafi yawan waɗannan wayoyi, na kamfanin MediaTek na Taiwan da Unisoc na Sin, duka zubin ARM ne, kuma ƙaramin farantin sola ko shagon mai cajin waya a bakin kasuwa ya isa ya rayar da su. Ta haka ne, ba tare da wata sanarwa ko muhawara ba, kwamfutar farko da mafi yawan mutanen Gaya da Ajingi suka mallaka ta kasance ta zubin ARM, da ita suke sauraron wa'azi da labarai, suke tura kuɗi, suke jin farashin hatsi da dabbobi, kuma allon madannanta ya fi na kwamfutar tebur sauƙin rubuta haruffa masu lanƙwasa. Tarihin na'urorin zaɓe ma ya bi wannan layi. A rajistar masu zaɓe ta Janairun 2011, ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega, hukumar INEC ta rarraba na'urori 132,000, waɗanda kamfanin Zinox na Nijeriya ya kawo mafi yawansu, kowace kuwa kwamfutar tafi-da-gidanka ce da kyamara da na'urar ɗaukar zanen yatsa da firinta da batir na waje, kaya masu nauyi da jami'ai suka yi ta fama da cajinsu a rumfunan karkara. A zaɓen 2023 na'urar BVAS, mai manhajar Android daga dangin wayar hannu, wadda ake riƙewa da hannu ɗaya, ita ce ta je kowace rumfa a mazaɓar tarayya ta Gaya da Ajingi da Albasu. Na'urorin POS da suka cika kasuwanni, musamman bayan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, su ma daga wannan dangi suke.

Saboda haka, lokacin da Apple ya sanar a watan Yunin 2020 cewa zai bar Intel ya koma ƙwaƙwalan da yake zanawa da kansa a kan zubin ARM, ya bi hanyar da karkarar Afirka da Asiya suka riga suka bi ne ta wata ƙofar. Kamfanin ya shafe fiye da shekara goma yana shiri, tun da ya sayi kamfanin zane na P.A. Semi a 2008 ya kuma fitar da ƙwaƙwalwar A4 a 2010, har ƙwaƙwalan wayoyinsa suka fara gogayya da na kwamfutocin Intel. Ƙwaƙwalwar M1 ta fito a Nuwambar 2020, sabuwar tafinta mai suna Rosetta 2 ta riƙe tsofaffin manhajoji da kyau, kwamfutar MacBook Air ta fito ba fanka a cikinta kuma batirinta na kaiwa wuni, aka kammala sauyin a Yunin 2023. Idan aka jera sauye-sauyen nan uku kusa da na Itanium da Surface RT, sharuɗɗan nasara sukan fito fili: kamfani ya mallaki na'ura da babbar manhajarta duka, ya yi shiri shekaru kafin sanarwa, ya samar da tafinta mai sauri, kuma ribar sabon zubi ta yi girman da mai saye zai ji ta a hannunsa. Kamfanoni irin su HP da Dell, ko Zinox na gida, ba su da wannan 'yanci, domin babbar manhajar da suke dogaro da ita ta wani ce, sai inda Microsoft ya juya su juya.

Ga mai kallo daga Gaya, komawa zubi mai ƙarancin cin wuta shawara ce da ta dace, kuma da an yi ta tun da wuri da ɗalibai da masu shaguna sun huta da wani kaso na kuɗin mai. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne yadda kamfanoni ke lissafin ranar da za su janye hannu daga tsohuwar na'ura. Suna fara ƙirga shekarun tallafi ne daga ranar da mai saye na farko ya buɗe kwali a Landan ko Niyok, alhali na'urar ba ta isowa hannun ɗalibi a Wudil ko mai shago a Gaya sai ta shekara biyar ko fiye, wato daidai lokacin da ake shirin daina aiko mata gyare-gyaren tsaro, waɗanda su ne ke toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi. A Yunin 2025 Apple ya bayyana cewa babbar manhajarsa ta wannan shekara, macOS Tahoe, ita ce ta ƙarshe da za ta yi aiki a kan Macintosh masu ƙwaƙwalwar Intel. Microsoft kuma ya tsayar da tallafin Windows 10 na gama-gari ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa, bisa ƙa'idar kamfanin, ba ta karɓar mafi yawan ƙwaƙwalan da aka ƙera kafin wajen 2017, duk da cewa zubinsu bai sauya ba kuma lafiyarsu ƙalau. Irin waɗannan kwamfutoci ne ofisoshin ƙasashen waje ke zubarwa da yawa, kuma su ne za su cika shagunan Kano da araha mai ruɗi.

Akwai kuma asarar da ta shafi masu gyara. Ƙarfin kasuwar kwamfuta ta hannu ya dogara ne a kan cewa mai gyara a titin Beirut ko kasuwar waya ta Farm Centre zai iya kwance HP EliteBook ko Dell Latitude ko Lenovo ThinkPad, ya ƙara mata ma'ajiyar aiki, ya sauya mata faifan ajiya da batir, ya haɗa lafiyayyu biyu daga matattu uku. A cikin kwamfutocin tafi-da-gidanka na sabon zubin Apple an haɗe ma'ajiyar aiki da ƙwaƙwalwa wuri ɗaya, an kuma like ma'ajiyar bayanai a jikin allon uwa, kuma ba a iya kunna su kai tsaye da Windows kamar yadda ake yi wa na zamanin Intel. Wani ɓangare na wannan haɗewa yana da hujjar fasaha, domin kusancin ma'ajiya da ƙwaƙwalwa na ƙara sauri yana rage cin wuta, amma ba dukansa ba, kuma ƙarancin cin wuta bai wajabta a hana sauya faifai ko a ɓoye zanen allo ga masu gyara ba. Kwamfutar Raspberry Pi, wadda aka fara sayarwa a Birtaniya a 2012 a kan kusan dala 35, zubin ARM ce, tana aiki da cajar waya, kuma katin ajiyarta kowa na iya cirewa ya sauya. Babbar manhajar Linux, wadda kyauta ce kuma tana aiki a kan zubi iri-iri, na iya ƙara wa tsohuwar kwamfutar x86 shekaru masu yawa na aiki cikin tsaro, sai dai mai shagon da abincinsa ke cikin CorelDraw ba zai koma can ba sai an koya masa madadin da zai yi masa aikin.

Wani zubi na uku ya fara ɗagowa, wato RISC-V, wanda aka fara zanawa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2010, wanda kuma ya bambanta da x86 da ARM ta fuskar cewa jerin umarninsa a buɗe yake, kowa na iya ƙera ƙwaƙwalwa a kansa ba tare da biyan lasisi ba. Kamfanonin ƙasar Sin, waɗanda takunkumin fasaha na Amurka ya tsorata, suna zuba jari a kansa, kuma da yake daga can mafi yawan wayoyi da na'urorin POS na kasuwannin Kano suke fitowa, ba abin mamaki ba ne idan ya iso yankin ta hanyar da ARM ya bi. Buɗaɗɗen zubi na ba sashen koyar da injiniyanci na jami'a kamar ta Wudil damar koyar da ƙirar ƙwaƙwalwa daga tushe, a kan zane na gaske da ɗalibi zai iya karantawa ya gyara, abin da lasisin Intel ko na ARM bai taɓa sauƙaƙawa ba. Hukumomin ilimi na jiha da na ƙananan hukumomi kuwa, duk lokacin da za su sayi kwamfutoci domin makarantun Gaya da Ajingi, akwai tambayoyi uku da ya wajaba su sa a cikin takardar kwangila kafin a zo batun farashi: wat nawa na'urar ke ci, shekara nawa suka rage mata na tallafin tsaro, kuma wane sashe nata mai gyara a Kano zai iya cirewa ya sauya.